Kuɗin Attajiri da Ƙuri'ar Lebura: Wa Ya Raba Jam'iyyar Democrat da Garuruwan Kwal?

A watan Mayun 2016, ana saura wata shida a yi zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, wasiƙu masu zafi suka sauka a teburin Richard Trumka, shugaban AFL-CIO, uwar ƙungiyoyin ƙwadagon ƙasar. Masu wasiƙun 'yan gida ne, shugabannin ƙungiyoyin magina da leburori da masu shimfiɗa bututu. Abin da ya ɓata musu rai shi ne uwar ƙungiyar ta haɗa asusun yaƙin neman zaɓe da wani attajiri na birnin San Francisco mai suna Tom Steyer, mutumin da ya yi shekaru yana zuba dukiyarsa don a hana aikin bututun mai na Keystone XL. Su kuwa a wannan aikin 'ya'yan ƙungiyoyinsu suka sa ran samun albashi. Trumka kansa tsohon mai haƙar kwal ne daga jihar Pennsylvania, ya kuma taɓa shugabantar ƙungiyar masu haƙar kwal ta ƙasa. Ga shi ranar 'yan'uwansa ma'aikata suna tuhumarsa da zama inuwa ɗaya da wanda suke gani ya tsaya tsakaninsu da abincinsu.

A Nuwambar wannan shekara Donald Trump ya ci jihar West Virginia, cibiyar kwal ta Amurka, da kusan kashi 68 cikin ɗari, ya kuma ƙwace Pennsylvania da Ohio. Tun daga lokacin ake ta jayayya a kan tambaya guda: shin kuɗin masu hannu da shuni ne ya juya manufar jam'iyyar Democrat a kan makamashi har ta saki hannun ma'aikatan da suka raine ta, ko kuwa an ɗora wa attajirai laifin abin da kasuwa da zamani suka yi? Kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara, kuma ban ga amfanin a raunana ɗaya don ɗaya ya yi nasara cikin sauƙi ba.

Yadda kuɗin ya shigo

A Janairun 2010 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da aka sani da Citizens United. Wannan hukunci da wani da ya biyo bayansa a ƙaramar kotu suka buɗe ƙofa ga kamfanoni da ƙungiyoyi da attajirai su kashe ko nawa suka ga dama a kan zaɓe, muddin ba hannu da hannu suka miƙa wa ɗan takara ba. Masu mai da kwal sun riga kowa sanin wannan hanya, musamman 'yan'uwan nan biyu, Charles da David Koch, waɗanda suka daɗe suna ɗaukar nauyin ƙungiyoyin da ke yaƙar dokokin rage hayaƙi. Sai masu rajin kare muhalli su ma suka sami nasu attajiran. A 2011 Michael Bloomberg ya ba ƙungiyar Sierra Club dala miliyan 50 don kamfen ɗin rufe tashoshin lantarki masu ƙona kwal. A 2013 Steyer, wanda ya tara dukiyarsa a kamfanin zuba jari na Farallon, ya kafa ƙungiyar NextGen Climate, kuma a zaɓen tsakiyar wa'adi na 2014 ya kashe sama da dala miliyan 70. A cikin masu ba da kuɗin da aka bayyana sunayensu, babu wanda ya kai shi a shekarar.

Bututun da aka yi ta faɗa a kansa kamfanin TransCanada ne ya nemi izinin shimfiɗa shi tun 2008. Zai taso daga Hardisty a lardin Alberta na Kanada zuwa Steele City a jihar Nebraska, tafiyar kusan kilomita 1,900, yana ɗauke da ganga 830,000 ta ɗanyen mai kowace rana. Da yake zai ƙetare iyakar ƙasa, sai da sa hannun shugaban ƙasa.

Hujjar masu cewa kuɗi ne ya raba su

Masu wannan ra'ayi suna farawa ne da jera abubuwan da suka faru a 2014, su bar mai sauraro ya haɗa da kansa. A Fabrairu Steyer ya tara manyan jam'iyya a gidansa don tara kuɗi, ciki har da Harry Reid, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dattawa. A Maris sanatocin Democrat kusan talatin suka kwana a zauren majalisa suna jawabai a kan sauyin yanayi. A Afrilu sanatoci goma sha ɗaya na jam'iyyar, galibinsu daga jihohin da ke cin abinci da mai da gas, suka rubuta wa Shugaba Barack Obama suna roƙonsa ya amince da bututun. Ba a yi kwana goma ba gwamnati ta ɗage yanke shawara ba tare da sa rana ba, tana kafa hujja da wata shari'a da ke gaban kotu a Nebraska. A lokacin ƙuri'un jin ra'ayin jama'a na cibiyar Pew suna nuna kusan mutum shida cikin goma na Amurkawa suna son a yi aikin, kuma ko a cikin magoya bayan Democrat masu so sun fi masu ƙi yawa. To, in ji masu wannan hujja, idan mafi yawan 'yan ƙasa suna so, ƙungiyoyin magina suna so, sanatocin da kujerunsu ke rawa suna so, muryar wa gwamnati ta ji da ta ƙi? Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya faru da Sanata Mary Landrieu ta Louisiana shi suke yawan kawowa misali. A Nuwambar 2014, tana fuskantar zagaye na biyu na zaɓe, ta matsa aka kaɗa ƙuri'a a kan bututun don ta nuna wa mutanen jiharta cewa tana da faɗa a ji a jam'iyyarta. Ana buƙatar ƙuri'a 60, ta sami 59. Yawancin 'yan jam'iyyarta suka juya mata baya a gaban kyamarori, kuma a Disamba ta faɗi. A wannan zaɓe jam'iyyar ta rasa kujeru tara a Majalisar Dattawa. Nick Rahall, wanda ya wakilci kudancin West Virginia shekara 38, shi ma ya faɗi, majalisar dokokin jihar kuma ta koma hannun Republican karon farko cikin sama da shekara tamanin. A 2015 Obama ya hau kujerar na-ƙi a kan dokar amincewa da bututun da majalisa ta zartar, sannan a ranar 6 ga Nuwamba ya yi watsi da aikin. Trump ya farfaɗo da shi a 2017, Joe Biden ya soke izinin a ranarsa ta farko a ofis, 20 ga Janairun 2021.

Sai a san irin dangantakar da aka yanke kafin a gane zafin abin. West Virginia ce jihar da dubban masu haƙar kwal suka ɗauki makamai a Dutsen Blair a 1921 don neman 'yancin kafa ƙungiya, kuma a zamanin Franklin Roosevelt suka sami wannan 'yanci a doka. Talaucin da John Kennedy ya gani a can lokacin zaɓen fid da gwani na 1960 ya taɓa shi, kuma a gundumar McDowell aka fara raba takardun tallafin abinci a 1961. Jihar ta zaɓi ɗan takarar Democrat Michael Dukakis a 1988, shekarar da ya sha kaye a jihohi arba'in. Ko a 2008 McDowell ta zaɓi Obama. Shekara takwas bayan nan, kusan uku cikin huɗu na ƙuri'unta Trump suka tafi. Mutanen da kakanninsu suka rataye hoton Roosevelt a ɗaki ba sa juyawa haka kawai. Ruwa ba ya tsami banza.

Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa illar kuɗi ta wuce sayen doka ɗaya ko biyu. Ɗan takarar da yake kashe sa'o'i kullum yana kiran masu kuɗi a waya, yana cin abincin dare a San Francisco da New York, sannu a hankali bakinsa yana komawa irin nasu, abin da ke damunsu ya zama shi ne ke gabansa. A nan suke ajiye kalaman Hillary Clinton, mai neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar, na Maris 2016 a Columbus ta jihar Ohio, inda ta ce manufarta za ta raba masu haƙar kwal da kamfanonin kwal da dama da aikinsu. Gaskiya ne a cikin numfashi guda ta ce ba za a manta da waɗannan mutane ba, kuma tana da shirin dala biliyan 30 don garuruwansu. Amma jimlar farko ita ta zauna a kunnuwa, kuma ita kanta daga baya ta amsa cewa tana cikin maganganun da ta fi nadama. Maganar da za a tafa mata a ɗakin masu ba da gudummawa, a garin da rami ɗaya ke ciyar da kanti da makaranta da asibiti sanarwar mutuwa ce. Ba su kuma mantawa da binciken malaman jami'a biyu, Martin Gilens da Benjamin Page, wanda aka buga a 2014. Sun duba batutuwa 1,779 na manufofin gwamnati, suka gano cewa idan ra'ayin masu kuɗi ya saɓa da na talakawa, na masu kuɗi ya fi tasiri a kan abin da ake zartarwa.

Akwai kuma ɗaci na musamman da mutanen kwal suka ji game da Steyer. A 2014 jaridar New York Times ta ba da rahoton cewa kamfanin da ya tara dukiyarsa a ciki ya zuba jari a ma'adinan kwal a Indonesiya da Ostireliya. Shi ya ce ya bar kamfanin tun 2012, ya kuma janye hannunsa daga irin wannan jari. Ga mutumin da ya kwashe shekara ashirin a ƙarƙashin ƙasa yana shaƙar ƙura, wannan bayani bai isa ba. Yana ganin wanda ya riga ya ƙoshi da ribar kwal ne yake ce masa ya yi azumi.

Hujjar masu cewa an yi wa attajirai ƙazafi

Ɗaya ɓangaren yana farawa da lissafi. A shekarun 1920 masu haƙar kwal a Amurka sun haura 800,000. A West Virginia kaɗai sun haura 100,000 a wajajen 1950. Injuna da haƙar sama, wadda ake sare kan dutse a kwashe abin da ke ciki, su suka cinye yawancin waɗannan ayyuka tun kafin a san sunan Steyer. Sannan fasahar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ruwa mai ƙarfi ta sa iskar gas ta yi arha, kamfanonin lantarki suka koma kanta don riba. A 2005 kusan rabin lantarkin ƙasar daga kwal yake. A 2016 gas ta wuce kwal karon farko, kuma zuwa 2023 rabon kwal ya sauko wajen kashi 16 cikin ɗari. Babbar shaidarsu ita ce wa'adin Trump na farko. Ya yi alkawarin mayar da masu haƙar kwal bakin aiki, ya soke dokokin Obama, ya saurari manyan masu kamfanonin kwal irin su Robert Murray. Duk da haka kamfanin Murray ya bayyana karyewa a 2019, kuma Trump ya bar ofis masu haƙar kwal sun gaza yawan da ya tarar. Idan shugaban da ya fi kowa son kwal ya kasa tsayar da faɗuwarsa, ta yaya za a ce kuɗin attajiri ɗaya ne ya kayar da shi?

Hujja ta biyu ta lokaci ce. West Virginia ta fara zamewa tun 2000, lokacin da George W. Bush na Republican ya kayar da Al Gore na Democrat a can, shekara goma kafin hukuncin Citizens United. Batun bindiga da zubar da ciki da addini da raunin ƙungiyoyin ƙwadago duk suna cikin abin da ya ja ta. Jihohi irin su Arkansas da Missouri, waɗanda ba kwal ke riƙe da su ba, su ma sun bi wannan hanya a tsakanin shekarun nan. Wanda ya ɗora komai a kan makamashi ya ɗauki igiya ɗaya ya ce ita ce dukan tufkar.

Hujja ta uku ita ce adawa da bututun ta riga kuɗin Steyer. A Agustan 2011 an kama mutum sama da 1,200 a zanga-zangar gaban Fadar White House, malamai da ɗalibai da tsofaffi. A Nebraska manoma da makiyaya ne suka tashi, da yawansu 'yan Republican, saboda tsoron kada mai ya malala cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala da suke sha suke ban-ruwa da shi. Gwamnan jihar na lokacin, Dave Heineman, ɗan Republican, ya rubuta wa Obama yana neman a ƙi hanyar farko da aka zana. Ƙabilun asali na yankin su ma sun ƙi. Tsoronsu yana da tushe: a 2010 wani bututu ya fashe ya gurɓata Kogin Kalamazoo a Michigan, kuma a Disambar 2022 tsohon bututun Keystone da ke aiki ya zubar da dubban ganguna a Kansas. Waɗannan mutane masu ƙuri'a ne kamar magina. Matasa da mazauna birane da suka ɗauki ɗumamar yanayi da muhimmanci su ma 'yan jam'iyya ne, kuma yawansu ya fi na masu haƙar kwal nesa. A ganin wannan ɓangare, attajirin ya tarar da jama'a suna tafiya ne ya shiga ayari.

Suna kuma tambayar yawan aikin da aka yi asara. Rahoton Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka na 2014 ya ƙiyasta ayyuka kusan 42,000 a tsawon shekara biyu na gini idan aka haɗa da masu sayar da kaya da abinci da masauki, amma na gini kai tsaye kimanin 3,900 ne, na dindindin kuma 35. Dangane da zargin cewa jam'iyyar ta yaƙi mai, sai su nuna cewa a zamanin Obama haƙar mai ta tashi daga kusan ganga miliyan 5 a rana a 2008 zuwa sama da miliyan 9 a 2015. A zamanin Biden ta kai wajen miliyan 13, adadin da babu ƙasar da ta taɓa kaiwa, kuma Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da gas a jiragen ruwa. Biden ɗin ne ya amince da aikin mai na Willow a Alaska a 2023, masu kare muhalli suna kuka.

A ƙarshe suna cewa an zuzuta ƙarfin kuɗi. A cikin manyan takara bakwai da Steyer ya sa wa ido a 2014, uku kawai 'yan takararsa suka ci. Da ya fito neman shugabancin ƙasa da kansa a 2020, ya kashe sama da dala miliyan 300 bai sami wakili ko ɗaya a zaɓen fid da gwani ba. Sannan akwai gaskiyar da ba ta neman izinin kowa: hayaƙin kwal da mai yana ɗumama duniya, ko attajiri ne ya faɗa ko matalauci. Jam'iyyar da ta san haka ta yi shiru don tsoron rasa jiha ɗaya ta ci amanar 'ya'yan masu haƙar kwal ɗin ma.

Ɗaya gidan ma yana yoyo

Kafin a auna, ya kamata a leƙa gidan Republican, domin idan cutar ta kuɗi ce, dole a ga alamarta a can. A Afrilun 2024, kamar yadda jaridar Washington Post ta ruwaito, Trump ya tara shugabannin kamfanonin mai a gidansa na Mar-a-Lago ya nemi su tara masa dala biliyan ɗaya, yana yi musu alkawarin soke dokokin Biden. A Yulin 2025 jam'iyyarsa ta zartar da dokar da ta datse rangwamen harajin lantarkin iska da na hasken rana. Amma mafi yawan sababbin masana'antun da dokar Biden ta 2022, wadda ta ba da irin wannan rangwame, ta jawo a mazaɓun Republican aka kafa su, har 'yan majalisar wakilai 18 na jam'iyyar suka rubuta wa kakakinsu Mike Johnson a Agustan 2024 suna roƙon kada a soke rangwamen. Jihar Iowa, wadda ta zaɓi Trump sau uku, tana samun fiye da rabin lantarkinta daga iska, manomanta kuma suna karɓar kuɗin hayar filayen da aka kafa injinan.

A Florida, a 2016, kamfanonin lantarki sun kashe sama da dala miliyan 20 a kan wani gyaran tsarin mulkin jiha da masu suka suka ce an tsara shi ne don a taƙaita masu sa faifan sola a rufin gidajensu. Masu ra'ayin riƙau da masu kare muhalli suka haɗa kai suka kayar da shi, a ranar da jihar ta zaɓi Trump. A Ohio abin ya wuce gudummawa ya zama laifi: an kama kakakin majalisar jihar, Larry Householder, da karɓar kusan dala miliyan 60 daga kamfanin FirstEnergy don a yi dokar 2019 da ta ɗora wa masu biyan kuɗin wuta nauyin ceto tashoshin kamfanin, aka yanke masa ɗaurin shekara 20 a 2023. A Georgia kuma, a Nuwambar 2025, bayan kuɗin wuta ya yi ta hawa, masu zaɓe suka kori 'yan Republican biyu daga hukumar da ke ƙayyade farashin lantarki da tazara mai faɗi. Darasin ɗaya ne a gidajen biyu: ranar da mai ƙuri'a ya fara zargin cewa da wani ake shawarar wutar gidansa da aikin hannunsa, ranar ya fara kallon ƙofa.

A kan ma'auni

Idan aka tambaye ni wa ya kashe ayyukan kwal, zan tsaya da ɓangare na biyu ba tare da jinkiri ba. Injuna da arhar gas ne, kuma alƙaluman zamanin Trump sun rufe wannan babi. Haka nan ban yarda cewa damuwa da sauyin yanayi kayan attajirai ba ce. Manomin Nebraska da ya tsaya a bakin rijiyarsa ba wanda ya biya shi.

Amma tambayar da aka fara da ita ta ƙuri'a ce, kuma a nan ɓangare na farko ya fi gaskiya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kasuwa ce ta rufe ramukan, amma kamfen ɗin da aka zuba wa miliyoyi shi ya riƙa ƙirga kowace tashar da aka rufe a matsayin nasara, yana shelarta. Ta haka jam'iyyar ta sa hannu a kan mutuwar da ba ita ta yi ba, har ta karɓi barka a gidan da ake zaman makoki. Mutumin da ya rasa aiki zai iya haƙuri da ƙaddara. Abin da yake da wuyar yafewa shi ne ya ga waɗanda ya zaɓa shekara da shekaru suna murna.

Hujjar ayyuka 35 ma tana da rauni a kunnen wanda ya san sana'ar. Duk aikin magini na wucin gadi ne. Mai walda yana gina rayuwarsa ne daga wannan kwangila zuwa waccan, kuma daga sa'o'in da ya tara ake lissafa fanshonsa da inshorar lafiyar iyalinsa. Wanda ya ce masa aikin shekara biyu ba aiki ba ne ya nuna bai taɓa zama da shi ba. A nan nake ganin ainihin ɓarnar kuɗi. Ba lallai ya sayi zuciyar ɗan siyasa ba, domin da yawansu sun yi imani da abin da suke yi. Abin da yake saya shi ne lokaci da kunne da jerin abin da za a fara yi. Mai ba da miliyoyi yana son abin da zai nuna, kuma hana bututu ko rufe tasha abu ne da ake gani a rana ɗaya. Ceto fanshon tsofaffin ma'aikata da kula da masu cutar baƙin huhu da kafa sabuwar masana'anta a gari mai nisa aiki ne na shekaru, ba ya kuma jawo tafi a wurin liyafa. Shi ya sa rufewa ta riga, madadin ya biyo baya a makare. Sai a Disambar 2019 majalisa ta ceto fanshon dubun dubatar masu haƙar kwal, bayan sun yi shekaru suna zarya a Washington. Sai a 2022 aka tabbatar da harajin da ke ciyar da asusun masu baƙin huhu, aka kuma ware ƙarin rangwame ga masu kafa masana'anta a garuruwan kwal, shi ma da matsin Sanata Joe Manchin na West Virginia, mutumin da shi kansa ake zargi da kusanci da kuɗin kwal da gas. An fara gina masana'antar batura a Weirton ta West Virginia, a filin tsohuwar masana'antar ƙarfe, a 2023. A 2024 jihar ta ba Trump kusan kashi 70 cikin ɗari. Maganin ya zo bayan amana ta riga ta karye.

Jam'iyyar ta san da wannan rauni. A Yunin 2018 kwamitinta na ƙasa ya haramta karɓar kuɗi daga asusun siyasa na kamfanonin mai da kwal, bayan wata biyu kuma ya sassauta saboda ƙorafin ƙungiyoyin ƙwadago. Kamala Harris ta goyi bayan hana fasa duwatsu don haƙar gas a 2019, ta janye a 2024 tana takarar shugaban ƙasa, tana neman Pennsylvania, ta kuma rasa jihar. Mai zaɓe yana ganin irin wannan kai-komo, yana karanta shi a matsayin shaidar cewa matsayin ɗan takara ya danganta da ɗakin da yake tsaye a ciki.

Ba na cewa a kori masu kuɗi daga siyasa, domin dokar Amurka a yau ba ta ba da wannan dama ba, kuma ɓangaren da ya ajiye makaminsa shi kaɗai zai sha kashi. Abin da nake cewa shi ne jam'iyyar da ke son sauya yadda ƙasa ke samun wuta da mai dole ta tsara tafiyar da waɗanda za su biya farashinta, tun kafin a yanke shawara. A fara da fansho da asibiti da sabon aiki mai albashi irin na da, a sa ranar rufewa bayan haka, kuma a bar shugaban ƙungiyar ma'aikata da magajin garin da abin ya shafa su zauna a kujerar da mai gudummawa ke zama. Da an yi haka a 2011, wataƙila da kwal ya ci gaba da ja baya kamar yadda ya yi, amma da mutanensa ba su ji an yi bikin faɗuwarsu ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maginan da suka rubuta wa Trumka a Mayun 2016 sun nuna wurin da yatsa, wata shida kafin ruwan ya sauko. Attajiri yana iya ba da miliyan saba'in a shekara ɗaya, ya kuma janye a shekara mai zuwa idan hankalinsa ya koma wani wuri. Mai haƙar kwal na McDowell ƙuri'a ɗaya gare shi, amma ya ba da ita shekara tamanin, shi da ubansa da kakansa. Jam'iyyar ta iya lissafin kyauta ta farko har zuwa dala ta ƙarshe, ta biyun kuwa ba ta san nauyinta ba sai da ta rasa ta.